Daga Ririwai Zuwa Fatakwal: Yadda Walfaram Ke Samuwa da Yadda Ƙarafa Ke Jeruwa a Jikin Dutse

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ma'adinin tangistin, wanda mahaƙa da 'yan kasuwa suka fi sani da walfaram, yake taruwa a jikin duwatsun giranit, da dalilin da ya sa kuza da walfaram da tagulla da tutiya da dalma suke jeruwa hawa-hawa maimakon su watsu barkatai. An ɗauki dutsen Ririwai na kudancin jihar Kano a matsayin ma'auni, aka gwada shi da na Konwol ta Ingila da na Jiyangshi ta ƙasar Sin. Abin da maƙalar ke son kafawa shi ne cewa jeruwar ƙarafa gaskiya ce, amma a Ririwai hawa-hawan sun hau kan juna a cikin tsaga ɗaya, don haka duk wanda ya ɗauko taswirar wata ƙasa ya ɗora a kan tamu zai tona inda babu.

Gabatarwa



Tambayar da ta haifi wannan takarda a Fatakwal aka yi mini ita, a rumfar wani dattijo ɗan gwangwan. A waje ya tara rodi da fatun mota, amma a ƙarƙashin bencinsa akwai wani gwangwanin madara da ba ya bari yara su taɓa. Ya zaro wani abu toka-toka daga ciki, bai wuce kan babban yatsa ba, ya ɗora mini a tafin hannu. "Malam, ɗaga ka ji," in ji shi. Kafin in shirya hannuna ya yi ƙasa. Haƙori ne da ya fita daga bakin injin haƙar rijiyar mai, kuma ba a sikelin rodi ake auna shi ba, yana da ƙaramin sikelinsa da kuɗinsa daban. Sai dattijon ya ce, "Wai don Allah wannan a wace ƙasa ake tono shi?" Na tambaye shi garinsu, ya ambaci wani ƙauye a kudancin Kano. Na ce, "Baba, ai uwarsa tana bayan gidanku."

Haƙorin nan tangistin ne da aka haɗa da sinadarin kabon, shi ya sa ya kusa ninka baƙin ƙarfe biyu a nauyi, kuma yake cin dutse bai dakushe ba. Uwarsa da na ambata ita ce walfaram, wadda ke kwance a jijiyoyin dutsen Ririwai a ƙaramar hukumar Doguwa. Tsakanin duwatsun Arewa da garuruwan Fatakwal da Inugu da Anaca kuwa akwai tsohuwar alaƙa. An kafa Fatakwal a 1912 domin fitar da kwal ɗin Inugu, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, ya isa Jos a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Daga nan kuzar Filato ta riƙa gangarowa ta Kafanchan da Inugu zuwa bakin teku, kwal kuma yana hawa. Hausawa da yawa na Inugu da Fatakwal wannan layi kakanninsu suka biyo, na Anaca kuwa kogin Kwara ya riga jirgin ƙasa kawo su. Jama'ar da ma'adini ya daɗe yana ratsa unguwanninsu sun cancanci a yi musu bayaninsa da harshen da suke ciniki da shi.

Ƙarfen da ma'adinansa

Tangistin shi ne na 74 a jerin sinadarai, alamarsa W. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422, kuma babu wani ƙarfe da ya kai shi jurewa. Nauyinsa ya ninka na ruwa sau 19 da ɗoriya, kusan daidai da zinariya. A 1781 Carl Scheele na ƙasar Suwidin ya gano sinadarinsa, a 1783 wasu 'yan'uwa biyu, 'ya'yan gidan Elhuyar, suka fitar da ƙarfen tsantsa a Sifaniya. Sunan tangistin da harshen Suwidin yana nufin dutse mai nauyi. Walfaram kuma daga mahaƙan Jamus na da ya fito: sun lura cewa idan wannan baƙin dutse ya shiga tukunyar narka kuza, sai kuzar ta bi kashin maƙera ta salwanta, suka ce yana cinye ta kamar yadda kerkeci ke cinye tunkiya. Tun daga sunan ke nan an san walfaram da kuza maƙwabta ne.

Ma'adinai biyu ake samun ƙarfen daga gare su. Na farko walfaram, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, haɗin tangistin da baƙin ƙarfe da manganis. Na biyu shilayit, fari ko ruwan madara, haɗin tangistin da kalsiyam, wanda ke ba da shuɗin haske idan an haska shi da fitilar ultarabayolet cikin duhu. Na farkon ne namu.

Yadda yake taruwa

A ɓawon duniya, tan guda na dutse bai ƙunshi fiye da giram ɗaya zuwa ɗaya da rabi na tangistin ba. Kafin haƙa ta biya kuɗinta sai an sami kilo-kilo a kowane tan. Wato sai wani abu ya tattaro ƙarfen ya ninka shi sau dubu ko fiye a wuri guda. Wannan tattarowa ita ce dukkan maganar.

Aikin yana farawa ne da narkakken dutse da ya taso daga can ƙasa ya tsaya bai fito sarari ba. Yayin da yake hucewa, ma'adinai na yau da kullum su ne ke fara daskarewa, suna kwashe abin da ya dace da ƙirarsu. Tangistin da kuza da niyobiyam da litiyam da filorin ba su da gurbi a cikin waɗannan ma'adinai, don haka kullum ana barin su a cikin ruwan da ya saura. Duk wanda ya ga kududdufi a ƙarshen rani ya san abin da nake nufi: ruwa na raguwa, kifi da gishiri na ƙara cunkushewa a ɗan abin da ya rage. Filorin kuma yana rage zafin da dutse ke daskarewa a kansa, sai ragowar ta daɗe tana ruwa-ruwa, ta sami sukunin hawa ta taru a ƙoƙon kan giranit ɗin, can ƙarƙashin rufinsa.

A nan ne ruwan zafi mai gishiri ke rabuwa da narkakken dutsen. Matsinsa yana tsaga rufin, ruwan ya kutsa cikin tsagogin ɗauke da ƙarafa. Ruwa ne mai tsami, kuma duk bangon da ya bi sai ya cinye shi ya mai da shi wani dutse dabam na kwaz da maika da tofaz, wanda masana ke kira girezin. A tsakiyar tsagar kuma farin kwaz ya cika, ya zama abin da mahaƙa ke kira jijiya. Walfaram yana zuba ne idan ɗayan abubuwa kaɗan ya faru: ruwan ya huce, ko matsi ya faɗi farat ɗaya har ya tafasa, ko ya gauraya da ruwan sama da ya tsatso ƙasa, ko bangon dutse ya ba shi baƙin ƙarfen da yake bukata. Nazarin da aka yi a mahaƙar Panasqueira ta Fotugal ya nuna cewa a can bango ne ya ba da ƙarfen. Galibi wannan zuba tana faruwa tsakanin digiri 250 da 450.

Idan giranit ya kutsa cikin dutsen farar ƙasa, labarin ya sauya. Kalsiyam ya yi yawa, sai a sami shilayit, kamar a Sangdong ta Koriya ta Kudu da Cantung ta Kanada. Giranit ɗinmu na Arewa tsoffin duwatsun gindi da tokar aman wutarsu suka kutsa, inda farar ƙasa ta yi ƙaranci, shi ya sa walfaram muke gani.

Jeruwar ƙarafa

Mahaƙa sun riga malamai sanin wannan. Mahaƙar Dolcoath ta Konwol ta yi suna da tagulla a ƙarni na 18. Da aka yi zurfi tagullar ta ƙare har wasu suka fid da rai, sai kuza ta bayyana a ƙarƙashinta, aka ci gaba da tono har kusan mita 1,000. A 1924 William Emmons a Amurka, sannan Henry Dewey a Ingila a 1925, suka tsara abin a rubuce: kusa da giranit, inda zafi ya fi yawa, kuza da walfaram, sama da su tagulla, sannan tutiya da dalma da azurfa, can nesa, inda ruwa ya huce, antimoni da baƙin ƙarfe.

Dalilin yana cikin yadda ruwan ke riƙe kowane ƙarfe. Kuza da tagulla da tutiya da dalma kulorin ne ke goya su, amma ƙarfin goyon ya bambanta. Kuza ce ke fara sauka da zarar zafi ya ragu ko tsamin ruwan ya karye. Tutiya da dalma suna daɗewa a goye, sai ruwan ya yi nisa ya huce kuma ya sami farar wuta sannan su zuba. Tangistin shi ba ya dogara da kulorin, yana tafiya ne haɗe da iskar oksijin a matsayin wani nau'in asid. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin shi ne ya sa ba a iya rantsewa a kan wanda zai zo sama tsakanin kuza da walfaram. A Konwol walfaram ya fi yawa a saman hawan kuza, dab da tagulla. A wasu mahaƙan kudancin Jiyangshi kuma kuza ce ke ƙaruwa idan ana yin sama.

Masanan Sin sun ƙara wani abu mai amfani, wanda suka kira bene mai hawa biyar. A Jiyangshi, inda mahaƙai irin su Xihuashan da Dajishan da Piaotang suke, sun lura cewa siffar jijiyar kanta tana sauyawa da zurfi. A can sama siraran layukan maika ne kamar zare. Ƙasa kaɗan zaren ya yi kauri ya yi yawa, sannan ya haɗe ya zama ƙananan jijiyoyi, sannan manya masu kauri inda arzikin yake, daga ƙarshe su tsuke su ɓace a cikin giranit. Da wannan suka gano ma'adinan da ba su leƙo sarari ba, daga ganin zare kawai a kan tudu.

Ririwai

Duwatsun da J. D. Falconer ya kira ƙananan giranit a littafinsa na 1911 jeri ne guda, sun haura hamsin a Najeriya kaɗai, kuma shekarunsu suna raguwa idan ana yin kudu. Na Azbin a Nijar sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram da Muniyo suna biye, na Dutse kimanin miliyan 213, na Afu a jihar Nasarawa kimanin miliyan 141. Kowannensu gindin tsohon dutse mai aman wuta ne wanda tsakiyarsa ta rufta, narkakken dutse ya biyo tsagar da ta kewaye shi kamar zobe. Jacobson da MacLeod da Black sun bayyana wannan tsari a 1958, kuma aikinsu har yau ba a ajiye shi ba. Daga El Meki ta Azbin har Afu, kuza tana bin wannan jeri.

Ririwai tana cikin waɗanda suka fi cika kama. Har yanzu akwai tulin duwatsun aman wuta a jikinta, alamar cewa zaizaya ba ta ci ta da zurfi ba. A tsakiyarta akwai giranit mai baƙar maika, kuma abin da muke takawa a kansa a yau rufinsa ne, wato daidai wurin da na ce ruwan ƙarafa ke taruwa. Babbar jijiyar Ririwai ta ratsa wannan giranit daga gabas zuwa yamma tsawon kimanin kilomita 5, a tsaye take kamar bango, kuma an bi ta ƙasa fiye da mita 400.

Ina da wani guntu daga wannan jijiya, faɗinsa bai kai kamu ɗaya ba, kuma ina ganin ya fi kowane zane bayani. A gefe ɗaya giranit ne ja kamar bulo. Yatsa biyu daga nan launin ya koma toka-toka mai ratsin kore, yana ƙyalli da maika: girezin ke nan. Daga nan sai farin kwaz, a cikinsa ƙwayoyin kuza masu ruwan ƙasa, da wani baƙin walfaram mai faɗi kamar bakin aska, da dunƙulen ma'adinin tutiya mai duhu wanda ya kewaye su ya cike gurabun da suka bari. A wani lungu akwai ɗigon kwalli, wato ma'adinin dalma, yana walƙiya. Abin da Konwol ta shimfiɗa a ɗaruruwan mitoci, ga shi a tafin hannu.

Judith Kinnaird da Peter Bowden da abokan aikinsu, a nazarin da suka buga a 1985, sun nuna cewa ruwan ya zo ne zango-zango. Zangon farko mai sodiyam ne, ya bar kwalambayit da 'yar kuza a warwatse cikin jikin giranit. Na biyu mai fotasiyam, shi ya bar jan bangon nan. Na uku mai tsami, ya yi girezin. Sannan kwaz ya cika tsagogin. A cikin ma'adinan kuma masu oksijin, wato kuza da walfaram, su suka riga zuba, masu farar wuta suka biyo baya: na tutiya, wanda ya fi kowanne yawa, da na tagulla, da kwalli. A kwarin Kaffo kuwa, cikin wannan zobe dai, akwai wani giranit na dabam mai yawan alkali, wanda ke ɗauke da niyobiyam da yuraniyam a cikin ma'adinin fairokulo, ba ruwansa da walfaram.

To me ya sa hawa-hawan suka hau kan juna? A fahimtata dalilin zurfi ne. Giranit ɗin Ririwai ya taso har cikin tokar aman wutarsa, kusa da sarari, inda dutse ke hucewa da sauri. Zafi yana faɗuwa cikin ɗan gajeren taƙi, don haka ruwa bai sami filin da zai baje kayansa ɗaya bayan ɗaya a kan doguwar hanya ba. Tsaga ɗaya ce ta riƙa buɗewa tana rufewa, ruwan farko mai zafi ya ajiye kuza da walfaram, na baya mai sanyi ya biyo ta wannan ƙofa ya ajiye tutiya da dalma a kansu. Jeruwar tana nan daram, amma a Ririwai an fi karanta ta da wanda ya riga wani zuwa, da kuma taƙin da ke tsakanin tsakiyar jijiya da bangonta. Mai neman walfaram a nan, jan bango da girezin ya kamata ya bi. In ya ga tutiya ya ce ya yi nisa da zafi ya koma, ya bar abin da yake nema a bayansa.

Akwai kuma jeruwa ta biyu, babba, wadda zaizaya ta zana a faɗin yankin. A Jos da Bukuru ruwa da iska sun riga sun kankare rufin giranit, kuzar da ke cikinsa ta gangara ta kwanta a tsoffin rafuka, inda kamfanoni suka kwashe ta har ta haura tan 17,000 a 1943, shekarar aikin tilas na yaƙin duniya na biyu. Abin da ya saura a jikin dutsen shi ne hawan ƙasa, mai kwalambayit, wanda ya yi tashe a shekarun 1950. A Ririwai da Banke da Tibchi da Rishi kuwa rufin bai gama tafiya ba, shi ya sa a can ake maganar jijiya da walfaram. Tambayar farko da mai bincike zai yi wa kowane dutse a jerin nan ita ce: nawa aka kankare daga kanka?

Wani abu kuma da mahaƙan gargajiya suka sani da hannu. Kuza tana da tauri, tana jure tafiyar rafi mai nisa. Walfaram yana da layin tsagewa, da ya gangara kaɗan sai ya farfashe ya zama gari ya bi ruwa. Saboda haka duk wanda ya ga manyan ɓarɓashin walfaram a cikin kwanon wankinsa, ya ɗaga kai ya dubi tudun da ke kansa, jijiyar ba ta yi nisa ba. Ina ganin wannan ma yana cikin abin da ya taimaki maƙeran Ririwayen Kano da na Ririwayen Dalma, waɗanda suka narka kuza suka zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suka kai ta kasuwanni tun kafin zuwan Turawa. Kuzar rafi suke wankewa, rafi kuwa ya riga ya tace musu yawancin kerkecin, wato walfaram. A farkon mulkin mallaka aka hana su wannan sana'a, ilimin ya bi su kabari, kuma wannan asara ce da har yau take ci mini rai. A shekarun 1970 aka buɗe ramin ƙarƙashin ƙasa a kan babbar jijiyar domin kuza da tutiya, da hannun Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya. Aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985.

Kwallin Abakaliki

Nan ne nake son in ja kunnen 'yan'uwanmu na Inugu da Anaca. Gabas da Inugu, a jihar Ebonyi, akwai dalma da tutiya a Enyigba da Ameri da Ameka da Ishiagu, kuma jerin ya miƙa arewa ta kwarin Binuwai har Zurak a jihar Filato. Ma'adinin dalmar nan shi ne kwallin da 'yan koli ke sayarwa a yi tozali. Wanda ya ji bayanin Konwol rabi da rabi zai iya cewa: tunda dalma ce hawan sama, in aka nutsa a Enyigba za a tarar da kuza da walfaram. Na taɓa jin mai kuɗi yana wannan lissafi, kuma kuskure ne mai cin dukiya.

Jijiyoyin nan na yankin Abakaliki suna cikin duwatsun laka da suka kwanta a ƙarƙashin teku kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, bayan giranit ɗin Arewa sun daɗe da daskarewa. Ruwan da ya kawo dalmar ruwan gishiri ne na cikin kwarin kansa, wanda zafinsa bai wuce digiri 100 zuwa 200 ba, kuma har yau ruwan gishiri yana ɓuɓɓugowa a Okposi da Uburu. Abokan tafiyarsa ma dabam ne: babu tofaz, babu girezin, babu jan bango. Dalmar Ririwai autar kuza ce, uwarsu ɗaya. Dalmar Abakaliki daga wani gida ta fito. Jeruwar ƙarafa tana aiki ne a cikin ruwa ɗaya da ya fito daga tushe ɗaya, kuma sai an tabbatar da tushen kafin a yi hasashen abin da ke ƙasa.

Abin da buhu ke faɗa

Ɗan kasuwar da aka kawo wa buhun baƙin yashi mai nauyi a Anaca ko Fatakwal bai ga ramin da aka tono shi ba, amma buhun yana ɗauke da labarinsa. Kuza da walfaram nauyinsu kusan ɗaya ne, kowanne ya ninka ruwa kamar sau 7, don haka wanki da kwano ba ya raba su. Hannu da ido suna iya rabawa. Wuƙa tana karce walfaram, ba ta karce kuza. In aka goga a bayan fasasshen tangaran, kuza tana barin farin layi ko mai haske, walfaram yana barin ja mai duhu ko baƙi. In aka ɗora ƙwayar kuza a kan tutiya aka ɗiga asid, sai ta yi fatar azurfa-azurfa. Maganaɗisu mai ƙarfi na injin rabawa yana jan walfaram ya bar kuza, sai dai yana jan kwalambayit ma, kuma nan ne ake yawan ruɗewa. Buhun da ke da ɓarɓashi masu kaifi, da kwaz manne, da ƙyallin farar wuta, daga jijiya ya fito ko gindinta. Mai ƙwayoyi mulmulallu masu tsabta na rafi ne, kuma da wuya a sami walfaram mai yawa a cikinsa.

Wannan sani kuɗi ne. Kasuwar duniya tana sayen walfaram ne bisa yawan tangistin haɗe da oksijin da ke cikinsa, ma'aunin da aka saba shi ne kashi 65 cikin 100, kuma ana rage kuɗi idan kuza ko farar wuta ko arsenik sun yi yawa. Jijiya irin ta Ririwai, da ta cusa komai a tsaga ɗaya, dole kayanta su fito a gauraye, kuma wanda bai raba ba zai sayar da ƙarfe biyu a kuɗin da bai kai na ɗaya ba. Ƙasar Sin ce ke samar da kimanin kashi 80 cikin 100 na tangistin ɗin duniya, kuma a Fabrairun 2025 ta ƙaƙaba takunkumi a kan fitar da shi, masu saye suka bazama neman wasu hanyoyi. Tangistin kuma yana cikin ma'adinai huɗu, tare da kuza da tantalam da zinariya, da dokokin Amurka da na Tarayyar Turai suka ce sai an san asalinsu. Buhun da ba a san raminsa ba kullum a ƙasa za a taya shi.

Ga abokan aiki masu bincike, akwai aikin da ke jiranmu. Ana bukatar a bi babbar jijiyar Ririwai a ɗebi samfur daga gabas zuwa yamma da kuma daga sama zuwa ƙasa, a auna yadda walfaram ke ƙaruwa ko raguwa a gaban kuza da tutiya, a yi haka a Banke da Tibchi, a gwada. Hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, wadda asalinta ya koma 1919, tana da taswirori da rahotanni, kuma babu abin da zai hana a fitar da taƙaitaccen bayaninsu da Hausa ga masu shiga rami da masu sayen buhu.

Jeruwar tana da wata fuska da ta shafi rai. Tunda a irin wannan jijiya kwalli yana manne da walfaram a dutse ɗaya, duk wanda ya kai dutsen gida ya daka a turmi ko ya niƙa a injin niƙa, garin dalma yake watsawa a tsakar gidansa, ga ƙurar kwaz mai cin huhu. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda dutsen zinariya mai dalma da aka riƙa niƙawa a cikin gari. Dutsen jijiya a bakin rami ya kamata a niƙa shi, a jiƙe, nesa da rijiya da wurin wasan yara, kuma ɗakin ajiyar buhuna a Inugu ko Anaca ko Fatakwal kada ya zama ɗakin da ake kwana ko ake ajiye hatsi.